Binciken Malam Lawan Ya Kai Komoro

Moroni, Komoro
3 ga Fabrairu

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Yau shekara goma sha ɗaya da wata huɗu rabona da Gyaɗi-Gyaɗi, kuma wannan ne karo na farko da kika ce in rubuta takarda da hannuna in ɗauki hotonta in turo miki, maimakon 'yar gaisuwar waya da muka saba. Na san ba kewar rubutuna ce ta kama ki ba. Ina gaishe ki, da maigidan, da duk wanda yake tuna fuskata, in akwai saura.

Na ji saƙonki. Kin ce wani yaro Habibullah, malamin makaranta, yana neman 'yarki, yarinyar nan da na bar miki tana shekara goma sha biyu bayan rasuwar uwarta. Kin ce danginsa sun shiga bincike kamar yadda aka saba, sun gamsu da ita, sun gamsu da ke, ni ne na tsaya musu a wuya. Wai masu shayi na bakin Zoo Road sun ce ina Legas na ɓuya, wasu sun ce gidan yari nake. Na gode musu da suka bar ni da rai.

Ban ga laifin dangin yaron ba. Mutumin da ya ce shekara biyu zai yi ya shafe sha ɗaya, ko ni ne sai na tambaya. To ki gaya musu: kamfanin da ya kawo mu kafa janareta ya tattara ya tafi, ni na tsaya. Ina gyaran injin kwalekwalen masunta a bakin tashar ruwa. Mutanen ƙasar Musulmi ne, da su nake salla. Ban yi aure ba, ban yi sata ba, ban kuma yi arziki ba. Na ƙarshen nan shi ya hana ni dawowa, ba wani ɗan sanda ba.

In wannan ya ishe su, madalla. In bai ishe su ba, ban san abin da zan ƙara ba. Ki gaida 'yarki.

Ƙaninki,
Inuwa

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
7 ga Fabrairu

Inuwa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kowa ya amsa gaisuwarka, kuma masu tuna fuskarka sun fi yadda kake zato, sai dai sun ce ba fuskar fara'a ba ce tun asali. Na ga har yanzu kunyar 'yar fari ba ta bar ka ka rubuta Safiyya ba. Shekararta ashirin da uku, ta fi ni tsawo, kai kana can kana "'yarki".

Takardarka ba ta ishe su ba. Mahaifin Habibullah ya rasu, saboda haka maganar tana hannun baffansa, Malam Lawan na Ƙauyen Alu, tsohon malamin labarin ƙasa. Shekaranjiya ya sauka daga adaidaita a ƙofar gidan nan rungume da ƙwallon duniya irin na makaranta a cikin buhun shinkafa. Ya ajiye shi a tsakiyar tabarma, ya juya, ya juya, ya sa tsinken sakace ya nuna mini wasu ɗigo huɗu a cikin ruwa.

Ya ce, "Hajiya, ni ban ce babu ƙasar ba. Shekara talatin da biyar ina koyar da ita. Tambayata, shi yana cikinta?"

Na ɗauko hotonka na bakin teku na nuna masa. Ya duba ya miƙo mini, ya ce, "Legas ma akwai teku."

Na ce, "Malam, ga lambar wayarsa, ai ba irin tamu ba ce."

Ya ce, "Yaran yanzu a Tarauni suke zaune su kira ka da lambar Amurka."

A ƙarshe ya ce tambaya ɗaya zai yi maka, ga takardarsa nan na haɗo. In amsarka ta kwanta masa, zai zo neman auren a sa rana kafin azumi. In ba ta kwanta masa ba, ya ce ƙafarsa ba za ta taka gidan nan ba, kuma ba mai zuwa in bai zo ba.

Yanzu saurara. Habibullah ya duba a waya ya ba Safiyya amsar a ɓoye. Wai sunan daga Larabci yake, ƙamar, wato wata, Tsibiran Wata. Suna mai kyau, kamar na amarya. Ka kwafa da hannunka, ka ƙara 'yar addu'a a ƙasa, shi ke nan. Don Allah kada ka sa halinka a ciki. Yarinyar nan kwana uku ke nan tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Allah ya tsare.

Yayarka,
Hajara

*

Ƙauyen Alu, Tarauni, Kano
6 ga Fabrairu

Zuwa ga Malam Inuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, amin.

Ni ne Lawan, ƙanin mahaifin Habibullah. Ina neman afuwa da rubuto maka ba tare da mun taɓa haɗuwa ba. Ka san al'ada, ba a haɗa zuri'a sai an san gida, an san uba. Gidan mun gani, kuma mun yaba. Uban ne ba mu gani ba, abin da muke ji a kansa kuma bai zo ɗaya ba. Ba na son in yanke wa mutum hukunci da maganar masu shayi.

A shekarun da na yi a aji, na lura wanda ya zauna a wuri yana da wata irin amsa, wanda ya ji labarin wurin yana da wata. Saboda haka tambayata ita ce: mene ne ma'anar sunan ƙasar da kake zaune, kuma daga ina sunan ya samo asali?

Ba sauri nake ba, amma azumi yana sauri.

Wassalam. Naka,
Lawan

*

Moroni, Komoro
16 ga Fabrairu

Zuwa ga Malam Lawan,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na sami takardarka, na gode da ka tambaye ni kai tsaye. Kai ne mutum na farko daga Kano da ya tambaye ni wani abu game da wurin nan. Sauran lokacin dawowa kawai suke tambaya.

Zan fara da abu biyu marasa daɗi. Na farko, an turo mini amsa daga gida an ce in kwafa. Ba zan faɗi wanda ya turo ba, da kyakkyawar niyya aka yi. Na biyu, ranar da tambayarka ta iso ban san amsarta ba. Shekara goma sha ɗaya kaina yana cikin inji, ban taɓa tambaya ba. Na zo ƙasar da fushi, mai fushi kuwa ba ya tambayar sunan wuri. Saboda haka na rufe rumfa kwana uku na shiga yawo.

Na fara da limaminmu, Fundi Sa'idu. Fundi shi ne malam a bakinsu. Ya ce Juzurul Ƙamar, Tsibiran Wata, haka Larabawa masu jiragen iska suka sa musu, haka kuma gwamnati take rubutawa da Larabci har gobe. Ya nuna mini jinjirin watan da ke jikin tutarsu. Na ce, "Fundi, me ya sa wata? Ai ko a Kano muna da shi." Ya ce wannan kuma sai in tambayi Larabawan, su ma sun mutu.

Daga nan na gangara wurin Mze Bakari, wani tsohon masunci da injinsa ya fi zama a rumfata fiye da cikin ruwa. Da na gaya masa abin da liman ya ce, sai da ya ajiye igiyar da yake tufka don ya yi dariya sosai. Ya kama kafaɗata ya juya ni na fuskanci dutsen da ke bayan gari, Kartala, wanda yake aman wuta.

Ya ce, "Kai da ka zo daga nesa, in kana tsakiyar teku ka hango wancan yana ci da wuta, wata za ka ce? Da harshenmu moro ita ce wuta. Ko moro, can inda wuta take. Kakanninmu suka faɗa, baƙi suka ji suka kai littafi."

Ni dai ban taɓa ganin dutsen yana ci ba, ya yi na ƙarshe kafin in zo. Amma duk garin a kan abin da ya amayar yake zaune. Baƙin dutse ne ko'ina, mai ramuka kamar soso, yana cinye takalmi a wata uku. Ƙasar ba ta riƙe ruwa, tsibirin nan babu kogin da yake gudu duk shekara, kowane gida da tankin tara ruwan sama.

Kuskurena shi ne na koma na gaya wa liman. Bayan la'asar suka haɗu a dandalin da tsofaffi suke dara.

Liman ya ce, "Bakari, ka tsaya a kan kifi, ka bar wa masu karatu suna."

Mze Bakari ya ce, "Kafin a kawo maka littafin, wa ya tuƙo jirgin da ya kawo shi?"

Liman ya ce, "Kai ko sunanka ba ka iya rubutawa."

Ya ce, "Amma na san inda na samo shi."

Darar da ba a gama ba ke nan. Yau kwana biyar suna gaisawa ta bakina.

Na uku, aka tura ni gidan adana kayan tarihi, wurin wata malama mai suna Eshata. Ta saurari duka biyun ba ta yi dariya ba. Ta ce a tsofaffin littattafan matuƙan Larabawa akwai wani suna, Ƙumur, kuma da farko babban tsibirin nan na Madagaska suke nufi da shi da abin da ke kewayensa. Daga baya babban ya sami wani suna, tsohon ya zauna a kan ƙananan. Na ce, "To wanne ne gaskiya?" Ta ce ita ta fi karkata ga nata, amma ba za ta rantse ba, kuma duk wanda ya rantse mini in rage yarda da shi.

Abin da ni na lura da shi, ba a littafi ba, mutanen nan ba su cika kiran sunan ba sai in ana ƙwallo ko za a hau jirgi. In ka tambayi mutum daga ina yake, tsibirinsa zai faɗa maka, Ngazija, ko Nzuwani, ko Mwali. Ɗigo huɗun da ka nuna wa yayata, uku ne a hannunsu. Na huɗun, Mawore, yana hannun Faransa, amma tauraronsa yana nan a tuta, kuma ba maganar da ake ɗaukowa a wurin cin abinci ba ce.

Da Mze Bakari ya ji dalilin yawona, ya tambaye ni ko na gama gina wa yarinyar gida. A nan uba ne yake gina wa 'yarsa gida, wani tun tana goye yake fara tara dutse, miji ne yake tarewa. Na ce ban aza ko tubali ɗaya ba. Sai ya ci gaba da tufkarsa. Na gaya maka wannan ne don bincike kake, ya kamata ka sani. Yarinyar ba ta da laifi a ciki, tarbiyyarta ta yayata ce, kuma ta fi wadda zan ba ta.

Amsata ke nan: uku ne, ban san wacce ce ba. In ta rushe maganar, ni na rusa.

Ni ma ina da tambaya, in ba rashin kunya ba ne. Na ga a saman takardarka ka rubuta Ƙauyen Alu. Wane Alu ne?

Wassalam. Naka,
Inuwa

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
21 ga Fabrairu

Inuwa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in ban da hawan jinin da ka tayar mini. Layi biyu na ce ka kwafa. Ka aiko shafi huɗu, da wuta a ciki, da tonon asirinmu, da labarin gidan da ba ka gina ba, sannan ka rufe da yi wa baffan ango jarrabawa. Wa ya aike ka?

Wallahi na yi niyyar in tura wurin maganar wata kawai. Safiyya ce ta karɓe wayar. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune, ta ce, "Inna, ko duka ko babu." Na ce aurenki ne fa. Ta ce, "Na sani. Amma tunda nake ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba, ba zan yanke masa ita ba." Ta sa hijabi ta je shagon buga takardu na bakin titi, ta bugo biyu. Ɗaya tana cikin akwatinta.

Malam Lawan a nan falo ya karanta, Habibullah yana durƙushe a bakin ƙofa. Ya kai wurin amsar da aka turo maka, ya ɗago ta saman tabarau ya ce, "Habibu, wa ya yi satar amsa?"

Yaron ya ce, "Baffa, taimako ne."

Ya ce, "Kai da kake tsaron jarrabawa."

Ya ci gaba. A wurin faɗan liman da masunci na ga kafaɗarsa tana rawa, amma ya mayar da abin tari. Da ya kai layin ƙarshe ya daɗe yana kallonsa. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce a gaida maigida, ya fita. Ko kunun ayan da na kawo bai taɓa ba.

Yau kwana huɗu ba mu ji daga gare shi ba. Sai dai Binta mai kitso, wadda 'yarta take aure a can, ta ce kullum da hantsi ana ganinsa da littafi da biro yana bin tsofaffin Ƙauyen Alu zaure zaure. Ban san ko alheri ne ba. Na tambayi maigidan ma'anar Gyaɗi-Gyaɗi don kada mu ma a zo mana, ya ce in bar shi ya ci abinci.

In abin nan ya lalace, ka shirya, da kaina zan zo har tsibirin.

Yayarka,
Hajara

*

Ƙauyen Alu, Tarauni, Kano
24 ga Fabrairu

Zuwa ga Malam Inuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Amsar wata tana cikin littafina tun ina sabon malami, tana kuma cikin wayar kowane yaro. Da ita kaɗai ka aiko, da na rufe maganar cikin mutunci. Mutumin da yake ɓuya a Legas ba zai san dutsen da yake cin takalmi ba, ba kuma zai haɗa liman da masunci faɗa ba. Na yarda kana inda ka ce. Abin da ya fi wannan, ka faɗi abin da zai iya cutar da kai alhali ba a tambaye ka ba. Binciken da na fito yi ke nan, na gama.

Game da tambayarka. Shekara arba'in ina zaune a unguwar nan. Na tambayi tsofaffi bakwai, na samo Alu huɗu, ba wanda ya yarda da na wani, biyu daga cikinsu yanzu ba sa zama a benci ɗaya. Ina ci gaba. Ka ci wannan.

Ranar Asabar in sha Allah za mu je neman auren, a sa rana bayan ƙaramar salla. Maganar gida, ka bar wa mutanen tsibiri al'adarsu, a nan yaron ya kama haya a Daurawa. Roƙona biyu ne, ba sharaɗi ba. Ka zo a ɗaura da kai a zaune. Kuma ka taho mini da baƙin dutsen nan ko guda ɗaya. Shekara talatin da biyar ina zana shi da alli, ban taɓa riƙe shi ba.

Wassalam. Ɗan'uwanka,
Lawan

*

Moroni, Komoro
2 ga Afrilu

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Barkanmu da salla. Ba sai kin zo tsibirin ba. Na bar wa Mze Bakari rumfar da kayan aikin, ya ce zai riƙe mini, na ce ya riƙe wa kansa. Shi da liman sun shirya, su biyun za su raka ni filin jirgi, kowa yana jaddada mini abin da zan faɗa a Kano.

Na sa wani masassaƙi ya yi wa 'yarki ƙaramin akwati irin nasu mai zane. Ya ce wane suna zai sassaƙa a murfin. Na ce ya sa 'yar Hajara. Ya ce shi ba ya sassaƙa kwana-kwana. Dole na faɗa masa da bakina, har sau biyu, don kunnensa ba ya ji sosai.

Zan sauka Kano ranar Laraba da azahar. Kada a tara mini mutane, kada kuma a yi zaton kaya. Ga abin da na iya tarawa a shekara goma sha ɗaya da wata shida: akwatin nan guda ɗaya, kanumfari mudu uku, hula biyu ɗinkin hannu, ɗaya ta maigidanki ɗaya ta ango, baƙin dutse guda biyu don kada Malam Lawan ya ce ɗaya ba hujja ba ce, takalmi ƙafa ɗaya da dutsen bai gama cinyewa ba, da tikitin jirgi guda ɗaya, na zuwa kawai.

Ƙaninki,
Inuwa